Katin da Ba a Cika Ba

A sansanin sojan sama da ke gefen filin jirgin Sakkwato akwai wani matashi mai suna Kofur Zayyanu, makanikin jirage. Haifaffen Ƙofar Taramniya ne, daga gidan malamai, kuma in ana maganar kai, to Allah ya ba shi. Abin da wani zai kwana uku yana koyo, shi kallo ɗaya yake yi masa. Ba ya wasa da salla, ba ya taɓa kayan kowa. Aibinsa ɗaya ne, amma ba ƙarami ba: ba shi da haƙurin ƙaramin aiki. Idan aka ce a kwance injin jirgi, jikinsa har rawa yake yi. Idan kuwa aka ce ya cika takarda, ko ya saurari mai dogon bayani, nan take za ka ga ƙafarsa ta fara kaɗawa. Mahaifiyarsa takan ce tun yana goye haka yake, ko nono ba ya tsayawa ya ƙoshi.

Akwai wani aiki da ake yi a sansanin kowace safiya kafin jirgi ya tashi. Sojoji sukan jeru kafaɗa da kafaɗa, su taka filin da ƙafa, kai a sunkuye, suna tsintar tsakuwa da ƙusa da guntun waya. Dalili kuwa, injin jirgi yana zuƙar duk abin da ya tarar a gabansa, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta lalata shi. Zayyanu ya san wannan sarai, don shi ke gyaran injin. Amma duk da haka aikin nan ba ya yi masa daɗi. Kullum sai ya tsere wa sahu da taku goma.

Mai kula da sahun shi ne Saje Attahiru, ɗan manoman shinkafa daga fadamar Wurno, wanda ya shekara ashirin da biyu cikin kaki. Tafiyarsa a filin nan kamar ta mai shuka ce, ba ya ɗaga ƙafa sai ya ga inda zai sa ta.

"Kofur, jira mu," in ji shi wata safiya. "Hilin ga ba guduwa za shi yi ba."

"Oga, ni fa ba tsintar tsakuwa tak kawo ni soja ba."

"Ni ma ba ita tak kawo ni ba," in ji Saje, yana jefa wata 'yar ƙusa a aljihu. "Amma ita ka sa waɗanda sunka tashi su dawo gida."

Zayyanu ya ƙame ya sara masa, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta na hagu.

Ana cikin tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke sa mutum ya ji tausayin takalminsa, sai rundunar ta shirya duba idanun jama'a kyauta a wata makarantar firamare da ke Mabera. Irin wannan rana ba a cewa wane makanike ne, wane direba ne. Kowa sai an ba shi abin yi. Wasu suka kafa rumfuna, wasu suka yi ta jigilar ruwan sha, Saje Attahiru ya ɗauki aikin riƙo hannun tsofaffi yana kai su inuwa. Zayyanu kuwa, da yake rubutunsa ya fi na kowa kyau, sai aka zaunar da shi a teburin rajista.

Dakta Rahma, hafsar da ke jagorantar aikin, ta yi masa bayani dalla-dalla. Kowane kati gida biyu ne, rabi a ba mai shi, rabi a ajiye. A rubuta suna da unguwa da lambar waya. Wanda ba shi da waya, a rubuta kwatancen gidansa da sunan da aka fi saninsa da shi. Ta ce wannan layi na ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci, saboda waɗanda aka samu da yanar ido sai an sake nemo su. Manyan likitocin da za su yi musu aiki daga nesa za su zo, kwana biyu kacal za su yi, kuma ba a tsayar da ranar ba tukuna.

Kafin azahar Zayyanu ya cika kati ya fi ɗari biyu. Gumi ya jiƙa masa kaki, layi kuwa kamar ƙaruwa yake yi. A nan ne wata tsohuwa ta iso gabansa, maƙwabciyarta na riƙe da gefen mayafinta. 'Yar ƙarama ce, mai tsafta, idanunta biyu sun yi fari fat.

"Sannu da aiki, ɗiyana. An wuni lahiya? Ya gida? Ya iyayenka?"

"Lahiya lau, Inna. Suna?"

"Mariyatu."

"Sunan mahaifi?"

"Junaidu, Allah shi jiƙan shi. Mutumin Gwadabawa na, ya daɗe da rasuwa."

"Unguwa?"

"Nan Mabera."

"Lambar waya?"

"Ba ni da waya, ɗiyana. Malam maigidana na da wata, amma tun da ciwon ga yak kama shi ta mutu, ba mu tada ta ba. Shekara huɗu ke nan ban ga huskar Malam ba, ga shi kwance, ni ka jinya tai da laluben hannu. Ni ba komi nika so ba, in dai gan shi kahin ɗayanmu ya riga ɗaya." Ta ɗan matso. "To amma ka ga, wanga suna da nib ba ka, nan unguwa ba a san ni da shi ba. In kun zo nema, sai ku ce..."

"Ya isa, Inna, ya isa. Ga katinki. Ki koma gida ki jira, za a neme ki. Na gaba!"

Tsohuwar ta karɓi katin da hannu biyu, ta ce Allah ya yi masa albarka, maƙwabciyar ta ja ta suka wuce. A rabin katin da ya rage a hannun Zayyanu an rubuta: Mariyatu Junaidu, Mabera. Layin ƙarshe kuwa ba komai a kansa. Ya ce a ransa in ya sami sarari zai bi ta ya cika. Bai sami sararin ba, kuma gaskiya bai nema ba.

Dakta Rahma ta duba tsohuwar, ta ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma aikin da bai fi na minti ashirin ba zai buɗe su. Aka sa ta cikin mutum talatin da ɗaya da za a yi wa aiki.

Bayan mako uku saƙo ya zo cewa likitocin za su sauka ranar Talata, su tashi Laraba da la'asar. Aka miƙa wa Zayyanu katunan, aka ce ya nemo masu su. Ranar Litinin kafin magariba ya sami mutum talatin. Da ya zo kan kati na ƙarshe sai ya ga ba waya, ba kwatance. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya, kamar rubutu zai tsiro. Ya tuna fararen idanun nan, ya tuna maganar da ya katse.

A nan ne ya kamata ya je ya faɗi gaskiya, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma girman kai ya hana shi. Yaya za a ce Zayyanu, wanda ke kwance injin jirgi ya mayar, ya kasa cika kati? Da Dakta Rahma ta tambaye shi ko an sami kowa, sai ya ce, "Saura mutum ɗaya, Dakta, gobe da sahe zan kawo ta."

Ranar Talata ya hau babur ya shiga Mabera. Wanda ya san Mabera ya san ba unguwar da za a nemi mutum da suna kawai ba ce. Ya tsaya wurin masu shayi, ya tsaya wurin masu kanti, ya tsaya ƙofar masallatai. Ko injin babur ɗin ba ya kashewa.

"Kun san wata tsohuwa Mariyatu Junaidu?"

"Mariyatu? Matar wa ta?"

"Ban sani ba."

"Wane layi?"

"Ban sani ba."

"To, soja, mi kas sani?" in ji wani mai kanti, jama'a suka yi dariya.

An kai shi gidan Mariyatu uku. Ɗaya amarya ce, ɗaya malamar makaranta, ɗaya kuwa idanunta sun fi nasa gani. Ya koma sansani da yamma, bai ce wa kowa komai ba.

Ranar Laraba ya sake fita tun da sassafe, ya dawo da azahar hannu rabbana. Likitoci sun gama da mutum talatin, suna harhaɗa kaya. A lokacin ne ya sami Saje Attahiru a gindin dogon yaro yana alwala. Ya tsuguna a gabansa, ya miƙa masa katin, ya faɗa masa komai.

Saje bai yi masa faɗa ba. Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya ce, "'Yar ƙaramar tsohuwa mai koren mayahi? Wadda ad da agogon maza a hannu?"

"Agogo? Ni ban ga agogo ba, Oga."

"Ni na gani. Da nir riƙa ta zuwa inuwa sai nij ji tana kai shi kunne. Nit tambaye ta, tac ce na mijinta na, gyaran agogo shika yi da, kahin ciwo. Ita ba ta ganin lokaci, amma tana son jin motsinai." Ya miƙe yana sa hula. "Kofur, da ka hwaɗa mani shekaranjiya, da yanzu tana kwance da bandeji."

Saje ya nemi izini wurin Dakta Rahma. Ta ce likitocin ba za su iya wuce ƙarfe huɗu ba, don ana jiransu a wani gari. Ya tara sojoji shida suka shiga mota. Da suka isa Mabera ya sauke su, ya raba musu layuka, ya ce, "Yadda muka yi a hili kullum sahe. Ba gudu, ba tsallake. Kowace ƙohwa a yi sallama, a gaisa, sannan a tambayi gidan mai gyaran agogo da ya kwanta ciwo."

Haka suka yi ta takawa cikin rana, layi bayan layi. Zayyanu ji yake kamar ya yi fiffike, amma ya danne. Karo na farko a rayuwarsa ya tsaya ya amsa gaisuwar tsofaffi har ƙarshe. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya saurare shi, ya yi ɗan tunani, ya ce, "Mai Agogo kaka nuhi? Malam Hashimu? Ai matatai Inna Amarya ta. Wa zai ce mata Mariyatu? Sunan uwar Malam ke nan, shi ya sa tun ranar da anka kawo ta bai taɓa kiran sunan ba. Amarya yac ce, Amarya ta bi ta har tsuhwa. Ga gidan can, mai ƙurna a ƙohwa."

Zayyanu ya duba agogonsa. Ƙarfe huɗu da kwata.

Suka yi sallama aka ba su izini. A tsakar gida suka tarar da ita zaune a kan tabarma, sanye da koren mayafinta, 'yar jakarta a gefe, katin yana hannunta. Maƙwabciyar ta ce tun ranar da suka dawo daga makarantar nan, kullum in ta gama gyara Malam, sai ta yi wanka ta shirya ta zauna nan, wai kada sojoji su zo su jira ta.

"Kun zo?" in ji ta, fuskarta ta washe. Ta fara laluben takalmi. "Malam, ka ji, sun zo!"

Kafin kowa ya buɗe baki sai ƙarar jirgi ta taso daga yamma, ta ratsa saman gidan. Zayyanu bai ɗaga kai ba. Ya san muryar injin nan kamar yadda ya san muryar mahaifiyarsa, don shi ke duba shi. Jirgin da ya ɗauki likitocin ne. Ya durƙusa a gaban tsohuwar, ya gaya mata gaskiya tun daga farko har ƙarshe, yana kuka kamar ba soja ba.

Ta saurare shi har ya gama. Ta lalubo kansa ta dafa.

"Tashi, ɗiyana. Abin da Allah bai nuhwa ba, ba mai yin shi. Na yahe maka. Amma da ka bari na ƙarasa maganata. Kalma biyu ta rage."

Wannan magana ta fi masa bulala zafi.

Dakta Rahma ta yi masa horon da ya dace, ya karɓa. Sannan ta rubuta takarda zuwa wani asibiti a cikin gari. Aka duba Inna Amarya, aka ce sai an saukar da hawan jininta, ga kuma layin masu jira. Aka ba ta mako bakwai.

Cikin makonnin nan, duk ranar da Zayyanu ba ya bakin aiki, a gidan mai ƙurna za ka same shi. Malam Hashimu ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana ma ba ta fita. Zayyanu ne ke ɗaga shi, ya yi masa wanka, ya yanke masa farce, ya ba shi kunu cokali bayan cokali. Wanda bai taɓa ciyar da mai shanyewar jiki ba bai san haƙuri ba. Cokali ɗaya sai a jira, a goge baki, a sake jira. Tun yana ƙirga mintuna har ya daina. Ya koyi zama, ya koyi kallon fuskar mutum har ya gane abin da yake so. Inna kuwa takan zauna a bakin ƙofa tana ba shi labarin zamanin da Malam ke da shago a kasuwa, ta ɗauko zance tun daga Gwadabawa, ta bi ta kan bikin kowa da sunan kowa. Bai sake katse ta ba.

Saura kwana tara a yi mata aiki, wata Juma'a da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Hashimu. Zayyanu na cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Aka yi aikin a ranar da aka sa, aka fara da idon dama. Washegari da aka cire bandeji, ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba. Ta kalli tagar ɗakin, ta kalli tafin hannunta, sannan ta kalli saurayin da ke tsaye a ƙarshen gado cikin kaki.

"Kai na Zayyanu?"

"Ni na, Inna."

"Ashe yaro na ƙarami," in ji ta, har da 'yar dariya. "Muryar taka ta hi ka girma."

Da ya mayar da ita gida, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta daɗe. Ga gadon an gyara, ba kowa. Ga akwatin kayan aikin Malam, ga buzunsa a jingine. Ta shiga ta zauna a bakin gadon, ta shafa matashin. Zayyanu ya tsaya daga waje, yana jin da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Zo nan, ɗiyana," in ji ta. "Kai ka gan shi. Ni rabona da huskatai shekara huɗu. Gaya mani yadda yak koma. Kada ka rage komi, kuma kada ka yi sauri."

Ya zauna a ƙasa. Da a ce wata biyu da suka wuce ne, da ba shi da abin faɗa, don a lokacin ba ya kallon kowa. Yanzu kuwa ya san fuskar nan kamar tafin hannunsa. Ya ce gemun ya yi fari tas, ba baƙi ko ɗaya. Ya ce kumatun sun faɗa, amma goshin na nan da hasken sujada. Ya ce akwai wani ɗan tabo a gefen gira.

"Awo, ƙyauren shago yab buge shi," in ji ta. "Ci gaba."

"Sannan, Inna, duk lokacin da kinka shigo ɗakin ga kina lalube, ko mi nika ba shi sai ya daina ci. Ya bi ki da ido har ki zauna. Gehen bakinai na dama, wanda bai shanye ba, sai ya ɗaga sama."

Ta rufe sabon idonta da tafin hannu.

"Ashe murmushi shika yi mani," in ji ta a hankali. "Duk shekarun ga, ni ban sani ba."

Agogon da ke hannunta yana ta motsi.

Zayyanu yana nan a sansanin har yanzu, kuma bai daina zuwa gidan mai ƙurna ba. Da safe in an jeru ana tsintar tsakuwa, ba ya wuce sahu. Rabin katin nan yana cikin aljihunsa na gaba. Ya cika layin ƙarshe da kyakkyawan rubutunsa, ya sa: Inna Amarya, matar Mai Agogo, gida mai ƙurna a ƙofa. Ya san ya cika shi bayan ya daina amfani.

Darasi: Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Babu ƙaramin aiki in dai rayuwar wani ta rataya a kansa, ko da layi ɗaya ne a jikin kati. Duk wanda aka zaunar don ya yi wa jama'a hidima, soja ne ko malamin asibiti ko ma'aikacin ofis, ya bar mai magana ya kai aya, domin sau da yawa abin da ake bukata yana cikin kalmomin ƙarshe. In kuma kuskure ya auku, a faɗe shi tun da sauran lokacin gyara, kada kunya ta sa a ɓoye. Inna Amarya ta yafe, idonta ma ya buɗe, amma fuskar da ta so gani ta riga ta tafi. Mutane suna yafewa, Allah ma yana yafewa, sai dai lokacin da gaggawa ta ɓarar ba ya dawowa.